Aikin da Malam Sannu Bai Gama Ba

A ƙarshen layin masu walda, inda kwalta ta ƙare aka faɗa turɓaya, akwai wata rumfar kwano mai buɗaɗɗun gefe. Nan Malam Sannu ya yi kusan duk rayuwarsa ta aiki. Kafinta ne, amma ba irin wanda za ka je ka ce ya haɗa maka sabon gado ba. Tsofaffin kaya yake gyarawa: kujerar da ƙafarta ta gurɗe, teburin da ruwa ya ɓata wa fuska, kabad ɗin kaka da gara ta fara ci ta baya. Sai ya kankare tsohon fenti, ya cike ɓaraka, ya bi da sanfefa har katakon ya yi santsi kamar kuncin jariri, sannan ya shafa banish, man nan da ke sa katako sheƙi.

Sannu ba sunansa na yanka ba ne. Kawunsa da ya koya masa sana'ar shi ya laƙaba masa, don tun yana saurayi in aka ba shi ƙafar kujera ɗaya sai ya wuni a kanta. Sunan ya bi shi har furfura. Masu walda in za su gaishe shi da safe sai su ce, "Sannu, Sannu," shi kuma ya ce, "Ɗaya ta ishe ni, ku riƙe ɗayar." Wanda ya kawo aiki yana azalzala kuwa amsa guda yake samu: katakon nan shekaru ya yi yana tsufa, ba zai koma yaro a wuni ɗaya ba.

Shi da matarsa kaɗai suka rage a gida. Ɗansu direban babbar mota ne, tun yana ƙarami ba ya shiri da ƙurar katako. 'Yarsu tana aure a wani gari. Sana'ar ta ciyar da su duka, ta tufatar da su, amma ta karɓi abu ɗaya a hannun mai ita. Shekarun shaƙar banish da tina, ruwan nan mai kaifi da ake tsinka banish da shi, sun kashe masa hanci. Bai ma san ya rasa ba sai ranar da tukunyar gam ta ƙone a kan risho yana zaune dab da ita, har sai da mai waldan maƙwabta ya rugo da bokiti. Tun daga nan matarsa ta zama hancinsa. Ita ke faɗa masa madara ta lalace, ita ke faɗa masa hadarin da ke tafe da ruwa yake. Dokarta ɗaya ce: rigar aiki ba ta shiga ɗaki, a ƙusar bakin ƙofa take kwana.

Wata safiya mota mai duhun gilashi ta tsaya a bakin rumfar. Mutumin da ya fito magidanci ne mai tsabta, takalminsa har ɗaukar ido yake yi, muryarsa kuwa ƙasa-ƙasa, sai ka matso kafin ka ji. Ya ce a wurin aiki da gida duk Manaja ake ce masa. Ya ce yana da kayan mahaifinsa na tun zamanin da, gado da kabad da tebur da kujeru, yana so a dawo musu da ƙuruciya.

"A kawo su nan," in ji Malam Sannu.

"Ai nan gizo ke saƙar, Malam. Kabad ɗin a cikin gidan aka haɗa shi, ba ya fita ta ƙofa. Sai dai kai ka zo. Kayan aiki duk na saya, hannunka kawai nake bukata."

Malam Sannu ba ya son aikin gidan mutane. A rumfarsa iska na shiga ta fita, ba mai tsaya masa a ka. Amma da Manaja ya nuna masa hoton gadon a waya, sai zuciyarsa ta karye. Jan katako ne mai nauyi, an sassaƙa ganye a allon kansa da hannu, irin aikin da masu yinsa sun daɗe da komawa ga Allah. Ya ce zai zo ya gani.

Gidan babba ne, tsoho, mai dogon baranda da itatuwan da ba a aske musu ba. Manaja ya bi da shi ta wani siririn lungu zuwa wani falo a can ƙurya, inda aka tara kayan. Tagogin falon a rufe suke ruf. A bangon ciki akwai wata ƙofa, ita ma a rufe, da 'yar taga a samanta wadda gilashinta ya fita. A jikin wannan bangon aka jera gwangwanayen tina da banish da maganin cire fenti, manya-manya.

Malam Sannu ya dube su ya ce, "Wannan ai ya isa a gyara kujerun makaranta guda."

Manaja ya yi murmushi. "Gara ya yi saura da ya kasa. Abu ɗaya nake roƙo, kada a buɗe tagogin nan. Titi na baya, ƙura ba ta da kunya. Ka fi ni sanin yadda take ɓata banish."

Gaskiya ya faɗa. Ƙura in ta sauka kan ɗanyen banish, aikin ya tashi daga sheƙi ya koma ƙuraje. Malam Sannu ya gyaɗa kai. Ya nuna ƙofar cikin ya tambaya ko akwai mutum a can.

"Baba ne. Ba ya son hayaniya, ba ya son baƙi. Ka yi aikinka kamar ba ya nan."

Kwanakin farko na kankara ne da gyara, kuma Malam Sannu ya ji daɗinsu. Ya kwance gadon gaɓa-gaɓa. Ya fitar da tsofaffin ƙusoshin da wani ɗan koyo ya taɓa dannawa ba bisa ƙa'ida ba, ya ɗaure ƙafafun kujeru da gam da igiya. A ƙarƙashin baƙin fentin da ya daskare, katakon na nan da ransa, ja kamar garwashi. Gidan shiru. Manaja ya fita da safe, ya leƙo da rana, ya sake fita. Akwai wata mata mai dafa abinci, takan ajiye masa shayi a bakin lungu ta juya. Abin da kawai yake ji shi ne tari daga bayan ƙofar cikin, busasshen tari na tsoho, yakan zo ya wuce.

Da aka kai ga kabad da allon gadon, inda sassaƙa ta hana wuƙa shiga, sai ya buɗe maganin cire fenti. Daga baya ya fara wanke katakon da tina. Idonsa ya yi ruwa, kansa ya ɗan sara, amma wannan tsohon abokinsa ne, bai kula ba. Hancinsa kuwa bai ce masa komai ba. Ya dai lura mai dafa abincin ta fara ɗaure bakinta da hancinta da gefen mayafi, kuma ta daina kawo shayin har bakin lungu, a baranda take barinsa.

Da yamma ya rataye rigarsa a ƙusa kamar kullum. Matarsa ta fito daga kicin, ta tsaya cak, ta koma da baya.

"Baban yara, a cikin gwangwanin ka kwanta yau?"

"Aikin ne dai da kika sani."

"Na san aikin. Shekara nawa ina wanke rigunan nan? Wannan ba shi ba ne. Ka fitar da ita tsakar gida, kaina har ya fara juyawa."

Ya fitar da ita. Suna cin abinci yake ba ta labarin gadon, da ganyen da aka sassaƙa, da tagogin da ba a buɗewa, da tsohon da ke tari a ɗakin ciki. Ta ajiye cokali.

"Tarin nan, yana raguwa ko yana ƙaruwa?"

Ya tuna baya, ya faɗa mata. Da farko yakan ji shi jefi-jefi. Yau kuwa kusan bai tsaya ba, har da wani sauti a ƙarshensa kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen katako.

"To shi ta ina iska ke shigar masa?" ta ce.

Abincin ya fita masa a rai.

Washegari ya isa da wuri, kuma ya shiga falon da idon da bai shiga da shi a baya ba. Malam Sannu yana da al'ada tun zamanin kawunsa: kafin ya tashi aiki sai ya mayar da marfin kowane gwangwani, ya bi gefensa da guduma. Tsummokin da suka sha tina kuma ya kai su waje ya nutsa a bokitin ruwa, don irinsu kan kama wuta da kansu. Jiya ma haka ya yi, ya tabbata. Amma ga gwangwanayen nan a buɗe, marafansu a jere a ƙasa kamar an ajiye faranti. Tinar ta ragu sosai. Ga kuma wasu tsummoki, ba nasa ba, jiƙe sharkaf, an shimfiɗa su a gindin ƙofar cikin, daidai inda ƙofar ta bar tazara da ƙasa.

Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya rufe gwangwanayen, ya kwashe tsummokin ya kai waje. Da Manaja ya leƙo da rana, ya faɗa masa abin da ya tarar, cikin ladabi, kamar mai ba da labarin ɓera.

"Yara ne, wataƙila," in ji Manaja. "Ka san yara."

Malam Sannu bai taɓa jin muryar yaro a gidan ba. Ko takalmin yaro bai gani a baranda ba. Ya ce, "Haka ne," ya sunkuya kan aikinsa. Ya ji mutumin ya ɗan jima a bayansa kafin ya tafi.

Da ƙarar motar ta yi nisa, sai ya goge hannunsa ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar cikin. Tari ne ya amsa. Ya murɗa, ƙofar ta buɗe.

Ɗaki ne madaidaici, da duhu, labule mai kauri a kan taga ɗaya tilo. A ƙasa, inda sawun ƙafafun gado ya bar alama a daɓe, an shimfiɗa katifa. A kanta wani dattijo ne a kishingiɗe, dogo, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kusa da hannunsa akwai ɗan bututun nan da masu asma ke fesawa a baki. Leɓensa ya yi duhu. Amma idonsa a buɗe yake tar.

"Kai ne mai gadona?" ya ce, yana tsayawa tsakanin kalma da kalma.

"Ni ne, Baba. Sannu da jiki."

"Yauwa. Ina jin hannunka ta bango. Ba ka da garaje." Ya yi tari. "Na ce wa yaron nan gadon ya jira ni in gama da shi tukuna. Amma shi bakwaini ne, tun a ciki ya ƙi jira."

Ya so ya yi dariya, tarin ya hana shi. Malam Sannu ya durƙusa ya tallafe masa baya har ya lafa. Ƙashin bayan kamar sandunan kujera a tafin hannunsa.

"Baba, warin kayan aikina yana shigo maka?"

"Kai ba ka ji?"

"Hancina ya daɗe da mutuwa."

Dattijon ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. "To," ya ce. "Ashe an iya zaɓen ma'aikaci." Ya ɗaga yatsa ya nuna labulen. "In ba damuwa, Malam kafinta, buɗe mini tagar nan. Da ina buɗe ta da kaina. Kwanan nan ta ƙi."

Malam Sannu ya ja labulen. Tagar katako ce mai ganye biyu. Ya tura, ba ta motsa ba. Ya bi gefenta da yatsa ya ji kan ƙusa, ya sake jin wani. Ya kawar da kansa haske ya faɗa a kai. Ƙusoshin farare ne ƙal, ko ɗigon tsatsa babu, kuma katakon da ke kewaye da su ya fashe sabuwar fashewa.

Ya koma falo ya ɗauko gudumarsa. Yana zare su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi dattijon ko ba shi da wasu 'ya'ya.

"Akwai Auta. Tana koyarwa a makarantar kurame, can bayan tashar jirgin ƙasa. An ce mini aiki ya yi mata yawa. Ita kuma ban san abin da aka ce mata ba."

Ƙusa ta ƙarshe ta fita, tagar ta buɗe, iska ta shigo ta ɗaga gefen zanen katifa. Ba titi a bayanta, ba ƙura. Lambu ne da bishiyar lemo. Dattijon ya rufe ido yana jan numfashi da baki buɗe.

"Malam."

Manaja ne a bakin ƙofa. Malam Sannu bai ji dawowar motar ba. Murmushin na nan a fuskar mutumin yadda yake, ko kaɗan bai gusa ba.

"Baba, ka samu baƙo ke nan. Malam, zo mu yi magana, kada mu gajiyar da shi."

A falo ya ja ƙofar ya rufe a hankali. Ya ɗauki ɗaya daga cikin ƙafafun gadon yana juya ta a hannu kamar mai sha'awar aikin.

"Kujeru na ɗauko ka ka gyara, ban tuna na ce taga ba."

"Dattijon ba ya samun iska, ranka ya daɗe. Kayan nan suna da ƙarfi."

"Ɓarayi ne suka sa na kafe ta. Amma ka kyauta da ka faɗa. Kai ne masani, ni me na sani game da tina? Abin da ka ce a saya ne na saya."

"Ban ce a sayi komai ba."

"Ka manta ne, girma ya fara zuwa." Ya ajiye ƙafar gadon a hankali. "Shi ya sa nake jin tsoro a madadinka. In wani abu ya samu Baba, Allah ya kiyaye, tambayar farko da za a yi ita ce wa ke aiki da guba a jikin ɗakinsa. Mai dafa abinci ta ga wanda ke shiga da fita. Ni kuwa ina ofis." Ya kakkaɓe tafin hannunsa. "Ka gama da wuri kawai, kowa ya huta. Na ga rumfarka ma ranar nan, katako ko'ina, ga masu walda suna ta tartsatsi a gefe. Na ce a raina, bawan Allah nan yana zaune a bakin haɗari."

Duk wannan da murya mai laushi ya faɗa, irin wadda ake yi wa mara lafiya sannu da ita. Malam Sannu ya ce, "To, ranka ya daɗe."

A hanyar gida ya yi ta juya maganar. Wa zai kai wa ƙara? Ya ce me? Ya ga marfi a buɗe, ya ga sabuwar ƙusa? Mai gida ya kafe tagar gidansa saboda ɓarayi, wannan laifi ne? Wataƙila ma mutumin sakaci ne kawai da son kai, irin 'ya'yan da ke ƙosawa da tsofaffinsu ba tare da sun ƙulla komai ba. Zato zunubi. Amma tsummokin nan ba su tashi da ƙafarsu suka kwanta a gindin ƙofa ba.

Matarsa ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba. Da ya ce yana ganin gara ya ƙi komawa, da muguwar rawa gara ƙin tashi, sai ta girgiza kai.

"In ka ƙi komawa, gwangwanayen suna can, tsohon yana can, sunanka yana can. Ka koma gobe. Ka yi abin da ka fi kowa iyawa, ka ja aikin. Ni zan je makarantar."

"Ke? Me za ki ce mata?"

"Abin da mace ke ce wa mace. Kai in ka je, bayanin ƙusa za ka tsaya yi har a tashi yara."

Da safe ya koma da sanyin jiki. An sake rufe tagar dattijon, ya gani daga lambu, amma bai san ko an kafe ta ba. Gwangwanayen kuma a buɗe. Ya rufe su, ya kwashe su duka ya kai ƙarshen baranda. Da Manaja ya tambaya, ya ce tinar ta sha iska ta lalace, in aka shafa banish da ita fari zai yi kamar an watsa toka, kuma akwai wuraren da sai an sake bi da sanfefa. Manaja ya dube shi, ya dubi agogo, ya ce zai kawo sabuwa da rana.

Malam Sannu ya zauna da kujera ɗaya wadda ta riga ta yi santsi, yana gogar ta a banza. Ya toshe tazarar ƙasan ƙofar da busasshen buhu, ya liƙa kwali a 'yar tagar sama. Kunnensa na bayan ƙofar. In tarin ya yi yawa hankalinsa ya tashi, in ya yi shiru hankalinsa ya fi tashi. Sau biyu yana leƙawa ya ga ko ƙirjin na motsi. Mai dafa abincin ta kawo shayi har cikin falo a karon farko. Ta dubi buhun da kwalin, ta dube shi, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta fasa ta fita.

Rana ta take sosai sannan ya ji mota, kuma ba ƙarar da yake jira ba ce. Manaja ne, da sabon gwangwani a hannu. Ya ajiye shi a gaban Malam Sannu ya ce a fara yanzu, yana so ya ga hannun farko kafin ya koma. Ya jawo kujera ya zauna.

Malam Sannu ya nemi abin buɗe marfi, ya rasa inda ya sa shi. Ya samo. Ya ce buroshin ya ƙage, sai an jiƙa. Ya ce sai an share ɗakin tukuna saboda garin katako. Yana shara a hankali, lungu-lungu, gumi na bin bayansa, Manaja na kallonsa ba ya ƙiftawa.

Sai aka yi sallama a baranda, muryar mace.

Auta gajeriya ce mai kama da mahaifinta a ido. Tare take da mijinta, wani ƙaton mutum mara magana. Matar Malam Sannu ba ta shigo ba, a bakin titi ta tsaya. Auta ta shigo falon, warin ya buge ta, ta kai hannu hanci. Ba ta dubi kafintan ba, kamar ba ta san da shi ba.

"Yaya, ina wuni. Na zo ganin Baba."

"Auta. Ai da kin kira. Likita ya ce a rage masa baƙi."

"Ni ba baƙuwa ba ce."

Ta wuce ta buɗe ƙofar. Aka ji ta ce "Baba" sau ɗaya, a hankali, sannan shiru. Da ta fito idonta ya kaɗa, amma muryarta ba ta rawa.

"Zan tafi da shi ya kwana biyu a wurina, kafin a gama aikin nan."

Mijin Auta ya matso ya tsaya a tsakiyar falon, hannuwansa a baya. Manaja ya dube shi, ya dubi ƙanwarsa, sannan ya dubi Malam Sannu, kuma a kansa idon ya fi daɗewa.

"Shawara mai kyau," ya ce. "Ni ma abin na raina. Bari in haɗa masa magungunansa."

Dattijon ba ya iya tafiya. A kan ɗaya daga cikin kujerun da aka gyara suka ɗora shi, Malam Sannu ta baya, mijin Auta ta gaba, suka bi siririn lungun da shi. Bai fi nauyin kujerar ba. Da suka fito baranda haske ya dake shi, ya runtse ido, ya shafa hannun kujerar.

"Ta daina kuka," ya ce. "Da in ka zauna sai ta faɗa wa duk gidan."

Manaja da kansa ya buɗe ƙofar mota, ya gyara wa mahaifinsa matashi, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Da motar ta fita, ya juyo.

"Sai ka ƙarasa mana, Malam. Yanzu ba mai damun ka."

"Bari in yi sallah in dawo."

Bai dawo ba. Akwatin kayan aikinsa na can, har da wuƙar kankara da ya gada daga kawunsa, wadda tafin hannunsa ya cinye wa ƙota. Ya bar su. Shi ne aiki na farko da ya bari a rabi tun da ya fara sana'a, kuma ya daɗe yana ganin allon gadon nan a ransa, rabi ja rabi baƙi.

Ba wanda ya zo nemansa. Kwanaki suka shuɗe har ya fara cewa matarsa ƙila sun zargi bawan Allah a banza. Sai masu walda suka fara ce masa wata mota mai duhun gilashi takan bi layin a hankali, ta kai ƙarshe ta juya, ba mai fitowa. Wata safiya kuma ya tarar da sabon kwalin ashana a tsakiyar teburin aikinsa, an ajiye shi daidai, ba a taɓa komai ba. Malam Sannu ba ya shan taba, kuma tun ƙonewar tukunyar gam ya hana ashana shiga rumfar. Ya tambayi maƙwabta, kowa ya ce bai gani ba.

A watan suka tashi. Ɗansu ya zo da babbar motarsa ya kwashe su zuwa wancan gefen gari, wata unguwa da ba su san kowa ba. Bai sake kafa rumfa ba. A tsakar gida yake aiki, ƙananan kaya, ya kuma daina taɓa tina, sai mai da kakin zuma, duk da masu kawo aiki sun fi son sheƙin da ke ɗaukar ido. Aikin gidan mutane kuwa ko an roƙe shi ba ya zuwa. A sabuwar unguwar Baba Kafinta ake ce masa, shi ma bai gyara musu ba.

An fi shekara sannan ya sake ganin Auta. Yana dawowa daga sayen gam, ya tarar da ita a bakin babban titi tana tsallakar da ɗalibanta, tana yi musu magana da hannu. Ita ta fara gane shi. Ta tsayar da yaran a inuwa ta zo ta gaishe shi har da rusunawa.

Ta ce Baba ya rasu, amma sai da ya yi watanni a wurinta, ya murmure har yana fita ƙofar gida ya zauna. A barcinsa ya tafi. Bai taɓa faɗin komai a kan ɗansa ba, ita ma ba ta tambaya ba. An sayar da gidan da duk abin da ke ciki.

Malam Sannu ya yi masa addu'a. Ta amsa, tana duban motocin da ke wucewa.

"Ranar sadakar Baba, Yaya ya tambaye ni inda ka koma. Ya ce akwai kayanka a wurinsa, yana so ya kawo maka da kansa."

"Me kika ce masa?"

"Na ce ban sani ba." Ta gyara mayafinta. "Kuma kada ka faɗa mini, Baba. A gaida Mama."

Ta koma wurin yaran, ta ɗaga hannu, suka jeru suka bi ta. Malam Sannu ya tsaya har suka sha kwana. Motar unguwarsu ta zo ta tsaya a gabansa, ya bar ta ta wuce. Ya shiga wata da ke zagayawa ta kasuwa, ya sauka tun kafin a kai, ya ƙarasa gida a ƙafa.